Ranar da Na Kai Kwamfutar Jikata Gyara

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin jikata ta riga ni.

A aji huɗu na bar makaranta, amma na yi shekaru ina gyaran rediyo a Sabon Gari, kuma a sana'armu doka ɗaya ce: in ka ga ja ya kunnu, abu ya lalace.

Jikata, wadda nake tsokana da amaryata, ta gama ajin farko na koyon rubuta manhajar kwamfuta a Samaru. Na ɗauka an yaye ta ke nan. Ta ce yanzu ma ta fara. Kallon darasi a bidiyo kaɗai ba ya koyar da kowa, in ji ta, sai mutum ya gina wani ɗan abu da hannunsa, ya taɓa shi kullum. Nata na tsara waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan cocinmu ne, kuma ranar Asabar za ta nuna wa abokan koyonta da suke haɗuwa a Bomo.

Da ta tafi kasuwa na leƙa kwamfutar. Jan rubutu, layi a kan layi!  Na naɗe kwamfutar a zanin matata, na hau keke napep zuwa shagon wani tsohon abokina mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Ya danna nan, ya danna can, ya ce ƙwayar cuta ce, sai an goge komai. Na ce goge, oga, kada ka rage ko ɗigo.

Na dawo ina taƙama.

"Amarya, zo ki gode wa mijinki. Ja ya tafi."

Ta buɗe, ta duba, ta zauna a ƙasa.

"Tsoho, ina aikina?"

"Wane aiki? Wancan mai jini-jini?"

"Shi ne malamina! Jan nan ne yake gaya mini layin da na yi kuskure. In karanta, in ban gane ba in kwafa in bincika a intanet, ko in tambayi mutanen Bomo."

 Ashe malami na sa aka kashe.

Allah ya taimake ni, abokan nata sun daɗe da matsa mata ta riƙa ajiye kwafi a intanet. Rabi ta samu a can. Sauran ta zauna ta sake rubutawa, ni ina yi mata fifita kamar mai jinya. Ja ya dawo, na kau da kai. Abin da ya ƙara kiɗima ni, kafin Asabar ta gama, har tana cewa na biyun ya fi tsabta.

Sai bakina ya dawo. Na gyara hula.

"To kin gani? Dabarar koyarwa ce. Duk inda kuskure ya yi yawa, a goge a sake."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Haka ne, tsoho. Ɗauko takalminka, mu je Sabon Gari a fara da kanka."