Darnin Mai Takaba

Na yi aikin duba-gari a Illela tun bayan samun mulkin kai da kaɗan, har zuwa lokacin da soja suka karɓi ƙasa. Mutane suna tuna mu da leƙa randa da tulu muna neman tsutsa. Wannan ai mai sauƙin ke nan. Abin da ya tsofar da ni tun ban kai talatin ba shi ne darni da rumfa.

Doka ta ce duk mai son kafa darni ko rumfa a bakin hanya sai ya zo ofis ya karɓi takardar izini, a je a auna masa, a bar wa lungu faɗin da jakai biyu da kaya za su gifta juna. Ban taɓa cewa dokar ba ta da dalili ba. Wuta in ta kama darnin kara ba ta tambayar gidan wane ne, ruwan damina kuma in bai sami hanya ba cikin ɗakin mutum yake kwana. Sai dai wanda ya rubuta ta, ina jin bai taɓa kafa darni da hannunsa ba.

Ga yadda ake yi a wajenmu. Darnin kara shekara ɗaya yake yi gara ta cinye gindinsa. Da kaka, an gama yankan gero, kowa sai ya sabunta nasa. Ba kuwa namijin da zai kwance tsohon ya bar matansa a fili, ko da na rabin yini ne. Sai a haƙa ramuka ta waje, a tsayar da sabo a bayan tsoho, a ɗaure shi tamau. Daga baya mata su riƙa zare tsohon ta ciki a hankali suna hura wuta da shi. Ka ga kowace shekara gidan dama ya ci taƙi ɗaya na hanya, gidan hagu ya ci taƙi ɗaya, kuma babu wanda ya yi niyyar cin komai. Ni kuwa in zo da gajeren wandona da igiyar awo, in ce lungu ya tsuke, a dube ni kamar na yi saɓo.

Na sha amsa iri-iri. Wannan ya ce nan kakansa ya kafa. Wani falke da ke safarar kaya zuwa Ƙonni ya tsaya ƙarƙashin rumfar da ta ci rabin hanya, ya rantse mini cewa ba rumfa ba ce, inuwa ce kawai. In shafa jan fenti a jikin dirka da safe, kafin la'asar an kankare shi da wuƙa. In sa leburori su kayar, bayan mako biyu in tarar da abin ya tashi a gurbinsa, har ya fi na da kyau. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani.

A ƙarshen wata damina wani tsohon malami ya rasu a unguwarmu. A wurinsa na yi karatun allo, matarsa kuwa Inna muke ce mata, mun sha furarta ba adadi. Ɗiyarsu ɗaya ce, tana aure a Kalmalo. Inna ta shiga takaba ita kaɗai a gidan: wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, ba namijin da zai sa ta a ido. Ita dai ko da Malam yana raye, ban san wanda ya taɓa ganin ta a ƙofar gida ba.

Da kaka ta yi, darninta na gefen lungu ya soma kwanciya. Maƙwabta suka yi gayya suka kafa mata sabo ta waje, kamar yadda aka saba. Ba wanda ya tuna da takarda, kuma wa zai karɓo ta, mai gidan yana kabari?

Ana nan sai babbanmu ya zo rangadi daga Sakkwato. Muna zagawa da shi da mai unguwa, idonsa ya faɗa kan sabon karan nan yana ta ɗaukar ido cikin tsofaffi. Ya sa na ja igiya. Taƙi biyu ya shigo hanya.

"Wa ab ba da izinin wanga?" in ji shi.

Mai unguwa ya ce, "Ranka shi daɗe, gidan mai takaba na. Maƙwabta sunka taimaka mata."

"Allah shi jiƙan mamaci," in ji babban. "Amma in munka bar wanga, gobe kowa na da nashi mamaci." Ya juyo gare ni. "In na komo na ishe shi tsaye, da kai za ni magana."

Da suka yi gaba na tsaya na shafa fentin. Na kara ido a wata 'yar kafa, sai na ga tsohon darnin yana nan a baya, ya karkace amma yana tsaye. Hankalina ya kwanta. Na ce a raina, in an kayar da sabon, tsohon zai rufa mata asiri har mu kafa wani bisa ƙa'ida. Na yi sallama daga waje, na gaya mata an sa wa darninta alama. Ta amsa can ƙasa-ƙasa, ta ce, "To, ɗana." Iyakar abin da ta ce ke nan, ni ma ban ƙara ba.

Wa'adin kwana bakwai ne, amma sai da na ja shi mako uku. Kullum in ce gobe. In bi ta wani lungun don kada in ga jan fentin nan. Da labari ya zo cewa babban yana hanya, na ɗebi leburori uku da hantsi muka nufi gidan.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Ni da nake shiga gidan kowa har gindin randa, ban shiga wannan ba, saboda mai takaba ce kuma matar malamina. Ban aika wata mace ta duba ba. Ko kafar nan da na leƙa da farko ban sake leƙawa ba, don na ga rashin ladabi ne in yi sau biyu. Ban kuma tsaya na tambayi kaina wa yake kawo mata itace tun da Malam ya rasu ba. Babu kowa. Ga sanyi ya shigo, ga ruwan alwala, ga ɗan abin da za ta dafa. Cikin mako ukun nan da na yi ina jan ƙafa, ta zare tsohon darnin kaf ta hura wuta.

Leburori suka yanke igiyoyi, suka girgiza dirkoki, darnin ya taho gaba ɗaya ya kwanta a lungu. Sai ga tsakar gida a fili. Ga Inna zaune kan tabarma tana shan hantsi, kanta ba ɗankwali, furfura duk a waje, zane ɗaya ɗaure a ƙirji, tasbaha a hannu. A lungun kuwa mutum ya fi ashirin, don ba a kayar da darni a Illela ba 'yan kallo.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube mu, ta ɗora hannu biyu a ka, ta miƙe da ƙyar irin ta tsofaffi, ta taka zuwa ɗaki. Tsakanin tabarmar da ƙofar ɗakin bai fi taku goma ba, amma na ji kamar ba za ta kai ba. Maza suka juya baya suna salati. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Mi kag gani, kai ɗan boko? Hankalinka ya kwanta?"

Muka tada darnin, leburori suka riƙe shi da hannu, ni na karɓi dagi na haƙa ramukan da kaina a kan layin da doka ta ce. Kafin azahar ya tsaya. Aikin da bai fi na rabin yini ba ke nan, da tun farko ta ciki na sa aka kafa sabo kafin a taɓa na waje.

Washegari na koma na durƙusa a bayan darnin na yi sallama. Daga cikin ɗaki ta amsa.

"Inna, ki gafarce ni. Ban sani ba."

"Na yahe maka, ɗana. Aikinka na." Sa'an nan ta ce, "Kwana goma sha tara sunka rage mani. Ka tambayo mani malamai, tunda maza sun gane ni, takabar ta ɓaci?"

Na je wurin malamai uku a ranar. Duka bakinsu ɗaya: ba abin da ya ɓaci, ba laifinta ba ne, ta cika kwanakinta ta fita. Na komo da sauri na gaya mata, har na kawo limamin unguwa ya maimaita mata ta bayan darni. Ta saurara, ta yi godiya.

"Na ji," in ji ta. "Amma Malam ya aje ni shekara arba'in ba wanda yas san kamannina. Ba ni kai mashi wadda anka gani."

Ta sake lissafin takabar daga farko. Ɗiyarta ta zo daga Kalmalo ta yi roƙo har da kuka, a banza. Wannan karon ko tsakar gidan ba ta yarda ta zauna ba. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo da zafin da ke hana kaza fita, ita tana cikin ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga. Na riƙa kai itace ina ajiyewa a ƙofar gida, wata maƙwabciya tana shigar mata da shi. Kowace Juma'a in tambayi matar yadda Inna take, kowace Juma'a ta ba ni amsa ɗaya: tana nan, ta ce a gaishe ka, saura kwana kaza.