Motar da Muka Haɗa Ranar Kasuwar Baleyara

Jikata da ke aiki a Yamai ta zo mini kwanan baya da wani labari tana ta zumuɗi. Wai motoci sun cika gari har mutum sai ya yi sa'a guda bai gusa daga wuri ɗaya ba, don haka ita da maƙwabtanta uku sun yi shawara, kowace safiya mota ɗaya suke shiga su huɗu, sauran motocin ukun su wuni a gida. Ta faɗa kamar su suka ƙago abin. Na ce mata dabara ce mai kyau, amma ta sani duk wanda ya haɗa mota da mutane ya haɗa saurinsa da nawarsu. Ta yi dariya ta ce tsufa ne. Ban ja da ita ba, sai dai tun ranar nake ta tuna wata Lahadi ta zamanin Nasara, 'yan shekaru kafin su tafi.

A lokacin ina Filinge gidan miji, da goyon ɗan fari wata uku. Maigidana bai taɓa ganin yaron ba. An ɗauke shi soja ina da ciki, aka kai su bariki a Yamai, har aka yi suna ba ya nan. Sai saƙo ya zo cewa ranar Litinin za a ƙetarar da su gulbi a tafi da su wata ƙasa mai nisa, wadda ba wanda ya iya faɗin sunanta daidai a unguwarmu. Surukata ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Surukina ya ce shi zai je, kuma a ɗauko yaron uban ya sa masa albarka. Ba a ce a ɗauko ni ba, amma tunda nono a jikina yake, dole aka haɗa da ni.

Motocin Filinge a wancan zamani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba mai iya ɗaukar haya shi kaɗai. Sai mutum uku ko huɗu su haɗa hannu. Surukina, da buhunan hatsinsa, ya haɗu da wani mutumin Tabla mai fataucin fata, da wani malami da zai je wurin likita a duba masa ido, da wata dattijuwa Bafulatana mai man shanu. Su huɗu ne masu mota, mu sauran 'yan bi ne. Surukina tsohon madugu ne, ya daɗe yana jan ayarin jakuna da raƙuma kafin mota ta zo ƙasarmu ta Kurfai, shi ya sa aka ba shi gaba kusa da sofer, wato direba. Dokar ayari kuwa ita ya ɗora wa motar: duk mai hannu a hayar yana da tsayawa ɗaya inda ya so, kuma ba a barin mutum a hanya ko me ya faru.

Muka fito Lahadi bayan sallar asuba, da lissafin mu kwana Yamai mu ga soja da safe a natse. Ina can sama a kan buhuna, mota ta riga ta fara rawa, sai ga maƙwabciyarmu matar gardi, ɗan sandan Nasara, ta taho da gudu tana riƙe da zani. Mijinta jiya da marece ya dawo daga Yamai. Ta kama ƙarfen mota ta miƙo wuya, ta ce mini a hankali, “An canza rana. Yau na za a hito da su ƙetaren gulbi, bayan la'asar. Ki hwaɗa ma tsoho!” Kafin in buɗe baki mota ta ja, na bar ta tsaye a bakin hanya.

In faɗa wa tsoho. Ita dai ta sauke nata kayan. Shekarata biyu a gidan nan ban taɓa yi wa surukina magana baki da baki ba. In ya shigo ta nan, ni ta can nake fita. Gaisuwa ma daga bayan zana nake durƙusawa, surukata ta isar. Yanzu ga shi a gaban mota, ƙarfe tsakaninmu, ni kuma maza shida sun kewaye ni a kan kaya, kowa gwiwarsa na taɓa ta wani. Maganar kuma ta miji ce. Mace mai goyon fari ta buɗe baki gaban maza ta nuna tana gaggawar ganin mijinta, ai kafin mu dawo labarin ya riga mu isa rijiya. Na ce wa raina tafiyar ba ta wuce a isa da azahar ba, in Allah ya so ba sai na yi magana ba.

Hantsi na ɗagawa muka isa Bonkuku, sai Malam ya buga rufin mota da sandarsa. Tsayawarsa ke nan. Wani abokin karatunsa ya rasu tun kaka bai samu zuwa gaisuwa ba. Maza duka suka sauka suka bi shi, don ba a barin mutum ya shiga gidan rasuwa shi kaɗai. Aka bar ni da Bafulatana da warin fata. Rana ta bazara ce, ƙarfen mota har ba ya taɓuwa, yaro yana ta tsala kuka. Ina kallon inuwar wata aduwa tana janyewa zuwa gindinta, raina yana tafasa.

Da na ga ba namiji kusa, na matsa na raɗa wa dattijuwar abin da aka ce mini, na roƙe ta ta isar wa tsoho. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ni? In tsai da dattijo in ce mai matar ɗanai tana sauri? Ɗiyar mutane, mu munka koya muku kunya. Kala suru, sai haƙuri, ana isa.”

Ta ɓallo ɗan man shanu ta shafa wa yaron a maɗiga, iyakar taimakonta ke nan. Wallahi na so in tura ƙwaryarta ƙasa. Maza ba su fito ba sai da aka dama musu fura suka sha.

Wanda ya san hanyar nan ya san abin da Lahadi take nufi a Baleyara. Hanyar mota ta tsakiyar kasuwa ta bi, kuma ranar ba hanya ba ce, makiyaya ce. Tun daga nesa muka shiga bayan wasu motoci uku da suka tsaya cik. Shanu gaba, shanu baya, ƙahoninsu na gogar jikin mota, raƙuma sun durƙusa inda suka ga dama, masu jakuna na zagin juna da Zabarmanci da Hausa. Sofer ya yi ta danna ƙaho har ya gaji, sa ko kunne bai kaɗa ba. Mutumin Tabla ya ce tunda Allah ya tsai da mu a nan, nan ne tasa tsayawar, bari ya leƙa kasuwar fata. Ya dira ya nutse cikin mutane. Aka yi azahar a gindin wata tsamiya, maza suka zauna hira, surukina yana ba da labarin yadda da can sai su yi kwana shida a wannan hanya.

Ni kuwa na kai iyaka. Ba gaba ba baya, ba dama ba hagu, ga magana ina riƙe da ita tun asuba. Na gyara goyo na sauko ta kan taya. Na je na durƙusa nesa kaɗan da su, na juya wa surukina baya, na fuskanci Malam. In ba ka iya yi wa mutum magana ba, ka yi wa na kusa da shi ya ji.

“Malam, gahwara. An ce waɗanda za mu wurinsu, yau na za a hito da su. Bayan la'asar.”

Ina jin idanun maza a ƙeyata. Can sai muryar surukina, shi ma Malam yake yi wa magana.

“Malam, tambaye ta wa yac ce mata.”

“Matar gardi,” na ce.

“Tun yaushe?”

“Tun Hilinge.”

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Sai ya ce “Innalillahi,” sau ɗaya, ya miƙe ya ce a nemo mutumin Tabla. Maza suka watsu cikin kasuwa. Neman mutum ɗaya a kasuwar Baleyara ranar Lahadi kuwa, sai wanda ya gwada. Ana cikin haka hanya ta ɗan buɗe, motocin gabanmu suka fara sulalewa. Sofer ya leƙo ya ce, “Baba, in ba mu bi su yanzu ba, wani garke na tahe. Mu tahi, shi biyo wata mota, hwatunai ba su ɓacewa.”

Tsohon yana tsaye, hannunsa a kan ƙofar mota, yana kallon hanyar da ta buɗe. Na ga gemunsa na motsi. Sannan ya ce, “Da hannunai cikin motag ga. Shekara talatin ban bar mutum ga hanya ba.” Ya saki ƙofar. Garken ya iso, hanya ta sake rufewa. A ranar na tsani tsohon nan, na tsani kaina fiye da shi, don da na yi maganar a Bonkuku da ba wanda zai sauka. Mutumin Tabla bai bayyana ba sai da rana ta karkata, yana tafe yana cin gyaɗa, da fatu biyu a kafaɗa.

Daga nan sofer ya saki mota. Hanya duk gargada, muna tashi muna faɗawa kan buhuna, na rungume yaron da hannu biyu kada kansa ya bugu. La'asar ta same mu a hanya, kuma karo na farko a rayuwata na ga surukina bai tsai da tafiya don salla ba.

Ban taɓa zuwa Yamai ba sai ranar, kuma ban ga komai nata ba sai bayan motoci. A lokacin ba gada, jirgin fito ɗaya ne ke ɗaukar mota da mutane da dabbobi zuwa wancan ƙetare, kuma duk mai ƙetarewa ta gangare ɗaya yake bi. Layin ya taso tun daga bakin ruwa har cikin gari. Manyan motoci, amalanke, jakuna da itace, mata da tallan kifi, kowa ya cusa kai ba mai iya juyawa. Muka shiga, wata mota ta toshe mu ta baya. Wani gardi da bulala ya ce ba mai wucewa ko da ƙafa, yau sojoji ake fitarwa.

Daga saman buhuna ina hango ruwa. Jirgin ya riga ya bar gaɓa. Yana tafiya a hankali, cike da maza masu jar hula, duka kaya iri ɗaya, duka tsayi ɗaya a idona. Na duba, na sake dubawa, ban iya ware nawa ba. Na kwance goyo na ɗaga yaron iyakar tsawon hannuna, ban ƙara tuna akwai maza a wurin ba. Amma ni gajeriya ce, kuma motar da ke gabanmu ta fi tamu kaya.

Sai na ji motsi a gefena. Surukina ne, ya tuɓe takalmi ya tattare riga, yana hawowa ta kan taya da tsufansa. Ya miƙo hannu, na ba shi yaron. Ya taka buhuna ya hau rufin gaban mota, ya miƙe tsaye, ya ɗaga jikansa sama da kansa. Sannan ya kira sunan ɗansa.

Maigidana ɗan fari ne. A ƙasarmu uba ba ya faɗin sunan ɗan farinsa, kuma mutanen Filinge da ke motar nan ba wanda ya taɓa jin sunan a bakin tsohon. Ya kira shi da muryar da yake tsai da ayari, sau uku, har masu tallan kifi suka waiwayo. Bafulatana ta ja mayafi ta rufe fuska.

A cikin jirgin hannu ɗaya ya tashi. Sai na biyu, sai goma, sai kusan duka. Kowane soja ya ga tsoho da jariri a kan mota, kowa ya ɗaga. Tsohon bai sauke yaron ba har jirgin ya kai tsakiyar gulbi, jajayen hulunan suka zama ɗigo-ɗigo.

Maigidana bai dawo daga waccan ƙasa ba. Takarda ce ta zo bayan damina biyu, da akwatinsa. Abin da ke tsakaninsa da ɗansa a duniya shi ne wannan ɗagawar, in har yana cikin waɗanda suka duba.

Surukina ya sauko daga rufin yana haki. Ya durƙusa a kan buhu gabana ya sa mini yaron a hannu, ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Idanunsa sun yi ja.

“Ɗiyata,” ya ce, “ya gani.”

Ban sani ba, shi ma bai sani ba. Na ce, “Ya gani, Baba.”