Malama Ikilima Mai Tsuntsayen Takarda

Kullum aka tashi daga makaranta, sai Malama Ikilima ta bi shagunan Yalwawa tana karɓar kwalaye da tsofaffin jaridu. A gida ta jiƙa su, ta dama sitaci, ta lanƙwasa waya, ta yi ta liƙi har cilakowa ta fito da dogon bakinta. Ganye da fure a lambun bayan firamarensu take kwaikwayo, inda ta raini ɗinya da kanya da aduwa tun tana sabuwar malama. Tsuntsayen da suka ƙaurace wa Dutse kuwa, a bakin tsofaffi take jin kamanninsu.

Bara kwamitin iyaye ya yanke a sare lambun a gina shaguna. Ta roƙa, aka ce sai haƙuri. Ita da ɗalibanta suka duƙufa, ranar da masu sara suka zo suka tarar kowane reshe da tsuntsunsa na takarda: burtu, carki, zalɓe, tsada. Unguwa ta cika lambun.

Shugaban kwamitin, Alhaji Bubayero, dattijon da ya tashi a ruga, ya tsaya gaban gauraka ya kasa wucewa.

"Malama, a ina kika gan shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Baffa. Kai ka siffanta mini shi."

Ya shafa tukkun a hankali. "Rabona da shi tun ina bin shanun mahaifina." Jikokinsa suka tambaye shi yadda yake kuka, tsoho ya ɗaga kai ya yi musu kukan, yara suka ɗauka gaba ɗaya. Da dariya ta lafa ya dubi masu sara ya ce, "Ku mai da gatarinku. A nemi wani filin."

Malama, ke ce kika tsare lambu da takarda, ba ki ɗaga wa kowa murya ba. Uwar ɗinya da kanya! Watan nan za ki ajiye alli, amma ɗalibanki uku sun riga sun karɓi aikin a makarantun Taura.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka tsaya kallo, damina ta kusa: kowa ya nemi dashe, ya sa wa tsuntsu wurin sauka.