Muryar da ke cikin randar Dada

Shekarun baya, ƙanina ne ya hana unguwarmu sakat a nan Mubi. Jita mai lantarki ya samo, shi da abokansa suka mayar da ɗakin ƙofar gida wajen ihu. Wai sunan kiɗan fank. Ni dai a kunnena faɗan tasha ne aka haɗa da injin niƙa. Mahaifiyata, da muke kira Dada, takan leƙa ta ce, "Kai, wa ya taɓa ka kake wannan kururuwa?" Ya ce, "Dada, haushin duniya nake fitarwa." Ta ce, "Je ka fitar da shi a gonarmu ta Digil, ciyawa na jira."

Ni ban yi boko mai nisa ba, fita ma ba ta dame ni ba, amma Allah ya ba ni kunne. Daga ƙarar babur nake sanin wanda ya shigo layi. Dada tana da waƙoƙi biyu da take rerawa baki a rufe. Ɗaya mai sauri, in tana fushi. Ɗaya a hankali, in fushin ya wuce.

Ranar da ƙanin nawa zai tafi wasa Yola, Dada ba ta da lafiya. Ta ce ya zauna, ya ƙi. Mai saurin take yi har ya fita. Kafin ya dawo an binne ta.

Shekara biyu bai taɓa jita ba. Kunnensa na hagu kuma sifika ta riga ta kashe shi, na dama yana ƙara. Da ya koma kiɗa sai ya zama wani mutum. Babu ihu. Jitar tana tafiya kamar hazo a kan dutse, muryarsa can nesa, sai ka ce daga mafarki ake kiranka. Don ya samu wannan amon, cikin tsohuwar randar Dada yake zura makirfo, ya sunkuya ya rera a ciki.

Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa ya zo da kwamfutarsa. Ya ce, "Adda, ara min kunnenki. In waƙar nan ba ta yi ba, zan goge, na bar kiɗa gaba ɗaya." Na ce, "Yau kuma ni ce alƙaliya? Da ba cewa kake ban waye ba?" Ya ɗora min abin ji a kai.

Waƙar ta yi daɗi. Amma can ƙasa, ƙarƙashin jitar, akwai mace tana rerawa baki a rufe.

Na ce, "Wace ce ka sa?" Ya ce shi kaɗai ne, ko ƙofa bai buɗe ba. Ya cire sautin ganga a kwamfutar, tana nan. Ya cire jita, tana nan. Ya bar muryarsa kawai, wadda ya ɗauka a randa. In ya ja numfashi, ita ba ta ja. Tiren shinkafa ya zame min, kaji suka yi biki, ko korarsu ban yi ba.

Ya sa a kunnensa, ya ƙure ƙara, bai ji komai ba. Ya dube ni ya ce, "Ita ce ko?" Na gyaɗa kai. Sannan ya tambayi abin da ya ci shi shekara biyu.

"Adda, wacce take yi?"

Na sake saurara, don kada tausayi ya sa ni ƙarya. Na matsa kusa da kunnensa na dama, na rera masa yadda na ji. A hankali.

Ya zauna a ƙasa cikin shinkafar. Bai goge ba.

Wani abokinsa ya ce iska ce ke zagaya cikin randa. Wataƙila. Ni ba malama ba ce. Na dai san iska ba ta tsayawa a daidai inda Dada ke tsayawa ta gyara murya. Mutane yanzu suna saka waƙar a waya, suna cewa tana sa barci, babu wanda ya taɓa ce min ya ji mace.

Abin da na ɗauka shi ne, wani fushin mu ne muke riƙe wa mamaci, shi ya daɗe da ajiyewa. Randar tana nan a ɗakina. Ban taɓa zuba mata ruwa ba, murfi ma ba na sa mata.