Koren zarton Heikichi

Ni Sawaguchi Tomeo ba wanda ya ɗaga ni. Daga sakandare na shiga dajin tsibirinmu na Hokkaido da gatari, na koyi gyaran inji da idona, na gina shago, na gina rumfar tsofaffin zartunan inji wadda masu tara su ke zuwa gani tun daga birnin Sapporo. Amma tun ranar Talata, tara ga Nuwamba, da aka ce mini aminina Numata Heikichi ya rasu, na kasa zama wuri guda. In buɗe shago, in rufe, in sake buɗewa.

Yaya Heikichi, zartunanmu biyu masana'anta ɗaya ta ƙera su. Naka na soja ne, kore mai duhu, nauyi kamar tsiya, an lulluɓe wayoyinsa saboda ruwa. Nawa na farar hula, ja, mai sauƙin ɗauka. Kakan ce, "Tomeo, wannan naka ba na yanka awara ba ne?" In ce, "Naka fa, Yaya, sai an kira bataliya kafin a ɗaga shi." Duk da haka, shekarar da dusar ƙanƙara ta rusa mini rufi, kai ka kwashe injunana zuwa gidanka, ka goge kowanne, ka hana ni godiya. Shi ma ban roƙa ba.

Ranar Uwar Daji, wadda ba a sare itace a cikinta, mukan jera zartunan nan biyu, mu zuba musu giyar shinkafa, mu tayar da su tare. Naka ya taɓa daɗewa a mace, ni na ƙera masa abin da ya lalace da hannuna.

Jiya na je ƙona maka turare, ɗanka Norio ya ce zai kai zarton zauren taron gari, amma sai ya kankare shi ya shafa sabon fenti. "Kawu, ai ya yi datti."

Norio ɗana, ba datti ba ne. In fentin sojan ya tafi, ya zama ƙarfe irin na kowa. Inda ya goge a mariƙi kuwa, tafin hannun ubanka ne. Kada ka taɓa.

Ubangiji ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Ya ba matarka Yaya Fusae da Norio da jikoki haƙurin rashinka.

Zan kai jan nawa a ajiye kusa da koren, don ba zan tayar da shi ni kaɗai ba. A allon da za a kafa, sunan Heikichi ya zo a sama, na yarda. A ƙasansa a rubuta Sawaguchi Tomeo, cikakke, kuma girman rubutun ya zama ɗaya.