Gayyar da Na Ci da Sunan Ƙanwata Soja

Edita, bayan sallama da fatan alheri gare ka da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni manomi ne mai ƙaramin ƙarfi da babban baki a wani ƙauye da ke gefen Tsanyawa. Shekaruna talatin da 'yan kai, mata ɗaya, 'ya'ya uku, ga Inna a ɗakinta, ga gonaki biyu da mahaifinmu ya rasu ya bar mana, irin gonakin nan namu da in ka yi tari a taka, mai ta kusa zai ce maka sannu. Da rani ina ɗan saro albasa in kai kasuwa. Ba ni da mugunta, Allah ya sani, amma ina son a ce da ni wane, kuma in aka zauna hira a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci ba na son wani ya fi ni labari. Wannan halin ne ya kusa raba ƙanwata da kakinta.

Ita ce ta huɗu a ɗakinmu, kuma tun tana ƙarama ba ta da wasa. Da ta gama sakandare ta ce ita aikin soja take so, garin ya ɗauka kamar an yi gobara. Ni ne ma kan gaba wajen cewa ba za a yi wannan abin kunya a gidanmu ba, sai da Inna ta tsaya kai da fata ta ce marigayi ya bar wasiyya kada a tare wa yarinyar nan hanya matuƙar ba saɓon Allah ba ce. Ita kuwa yarinyar, akuyarta ta sayar ta yi kuɗin mota, ta shiga gari ta cike fom da kanta. Zuwan farko aka dawo da ita, wai gudunta bai kai ba. Wani zai ce shi ke nan ta haƙura, ina! Shekara guda cur, kullum ta idar da sallar asuba sai ta zura dogon hijabinta ta bi hanyar gonaki da gudu, yara na binta da ihu, manya na cewa aljanu ne suka shafe ta. Zuwa na biyu aka ɗauke ta. Ranar da ta dawo daga horo, ta rame ta yi baƙi, amma tana tafe ƙyam kamar an sa mata sanda a baya, masu dariyar nan su ne suka cika mana zaure don su gan ta, ni kuwa ina ta raba musu goro.

Daga albashinta na farko ta fara aiko wa gida. Ita ta sauya rufin ɗakin Inna, ita ke sayen maganin hawan jininta, ita ke riƙe da karatun ƙannenmu biyu, kuma duk damina sai ta aiko a sayi takin zamani. Amma ni ban taɓa ganin ya isa ba. A tunanina soja kuɗi yake shara da tsintsiya. Suna ya taso, in kira ta. Biki ya taso, in kira ta. Tayar babur ta fashe, in kira ta. In ta ce Yaya a yi haƙuri sai ƙarshen wata, in kashe waya ina huci, in je in ce wa Inna yarinyar nan ta fara ɓoye mana hannu. A gindin dalbejiya kuwa labarin daban ne. Can nake cewa manyan hafsoshi da sunanta suke kiranta, ba abin da za ta nema a bariki a hana ta. Alhali kuwa baiwar Allah ko igiya ɗaya ba ta da ita a hannun riga.

Wata bazara, lokacin da kowa ke fafutukar kai takin gargajiya gona kafin ruwa ya sauka, na je tawa da safe na tarar an jibge mini taki tsibi-tsibi, ni kuwa ban aiki kowa ba. Da la'asar sai ga wani dattijo maƙwabcinmu mai jakuna biyu, mutumin kirki, abokin mahaifinmu. Ya ce shi ya kai, ba don komai ba sai zumunci, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ɗansa na fari yana son aikin soja, ko zan sa baki wajen yarinyar nan. Kalma ɗaya ta isa a wurin, in ce masa Baba ba haka ake yi ba. Amma na kalli dattijo mai furfura yana rusuna mini, kaina ya kumbura, na ce ya je ya kwanta da bakinsa, magana ta ƙare. Kafin sati gidaje huɗu sun ƙaru, kowa da ɗansa.

Duk wanda ya san noma a wajenmu ya san lokacin firi ba lokacin wasa ba ne. Kwana biyu ka yi sake, ciyawa ta shanye maka gero. Kuma gayya a al'adarmu ramuwa ce, yau a taru a taka, gobe kai ma ka ɗauki fartanya ka je ta wani. To ni sai na kira gayya, magidanta biyar da samarinsu suka bar gonakinsu suka zo suka nome mini tawa tas. Da maimai ya zo suka sake dawowa. Ba wanda ya buɗe baki ya ce in rama, ni ma ban yi tayi ba. Ina zaune a inuwar gawo ina ba da umarni ana dama fura, sai ka ce dagaci. Mafi muni, da aka yi sanarwar ɗaukar sababbin sojoji, samarin suka zo suka ce za su shiga gari su cike fom, sai na ce musu haba, ai wannan wahalar ta marasa gata ce, su rubuto sunayensu a takarda su ba ni kawai. Na ninke takardar na sa a aljihun rigata ta Juma'a. Sau ɗaya na ɗan gutsura mata zancen a waya, na ce wai mutum zai iya sa wani a aikinku? Ta ce ko kusa, kowa da ƙafarsa yake shiga, fom ɗin ma ba a sayar da shi, kuma in ja kunnen 'yan garinmu kada su yarda wani ya karɓi ko kwabonsu. Na ce to, na sauya magana.

Aka rufe karɓar fom. Samarin ƙauyen da ke gaba da mu suka tafi tantancewa, namu suna zaune suna jiran kira. Ɗan dattijon nan kuwa ashe shekarar ce damarsa ta ƙarshe, domin shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka. Uban ya yi sallama a ƙofar gidana har sau uku, ina ciki ina ce wa matata ta aika a ce na fita. Ni da nake cika dandali da murya, na koma bin bayan gari in zan je masallaci. Da ya gaji, sai ya sa wani malamin makaranta ya rubuta masa takardar ƙorafi, da sunan ƙanwata a ciki, cewa an ci guminsu ta hannun yayanta da alkawarin aiki. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba ya hau mota da kansa ya kai ta har barikin da take.

Ina kasuwa kiranta ya shigo ta wata baƙuwar lamba. Muryarta a kwance, ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na fara kame-kame, ta ce Yaya e ko a'a kawai take son ji. Na ce e. Sai ta gaya mini cewa an zaɓe ta cikin masu tafiya kwas ɗin da zai ba ta igiyarta ta farko, yanzu an cire sunanta, an karɓe wayarta ta asali ana bincike, kuma in aka same ta da hannu a ciki, kora ce, wataƙila har da ɗauri. Innalillahi! Na zauna daɓas a kan buhun albasa. Sai a lokacin na tuna gudun asubar nan na shekara guda, na tuna maganin Inna, na ga duk zan rushe su saboda noman kwana biyu da mangalar taki. Bayan 'yan kwanaki wasu masu bincike biyu daga bariki cikin farin kaya suka zo ƙofar gidan mai unguwa, aka tara mu. A gaban kowa na faɗi abin da na yi, na fito da takardar sunayen daga aljihu, har ta fara yagewa a wajen ninki. Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya ce shi tsakaninsa da Allah bai taɓa magana da yarinyar ba, da ni ya yi. Wannan da abin da suka gani a wayarta ne ya wanke ta.

Da kaka ta samu hutun sati biyu ta zo gida, ba kaki, atamfa ce da hijabi. Na shirya wa zagi, har mari na shirya wa, amma ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, abin da ya fi mari zafi. Bayan la'asar ta tambaye ni gida nawa ne, kuma kwana nawa kowanne ya yi mini. Washegari da sassafe na ga ta ɗaure ɗamara ta ɗauko magirbin marigayi, ta miƙo mini nawa. Na ce haba, a garin nan budurwa ba ta shiga gonar maza, za a yi da mu. Ta ce ai an riga an yi da mu, kuma gumin mutane na ci, don haka gumi za mu mayar musu, ni da na ci da ita da aka ci da sunanta. Na ce to a ba su kuɗi mana. Inna ce ta amsa daga ɗaki, ta ce wane kuɗi, ko ban san cewa in ta aiko mana, kwana goman ƙarshen wata da gari da ƙuli take rufe shi ba? Na kalli takalmin da ke ƙafar ƙanwata, wanda ta tafi horo da shi ne, an ɗinke shi ya fi sau biyu.

Edita, na ga aiki. Gida-gida muka bi, girbin gero nan, cirar gyaɗa can. Kafin in kai rabin kunya ta kai ƙarshe ta juyo. Rana ta take, ni ina neman inuwa ina haki, ita ko a jikinta, sai dai ta tsaya ta yi salla ta koma. Mata suna leƙe ta saman danga, tsofaffi suna tsayawa a hanya suna sa mata albarka. Duk gidan da muka gama, sai ta durƙusa gaban maigidan ta nemi gafara, ba ta taɓa cewa laifin Yaya ne ba, sai dai ta ce mun yi kuskure. Sannan ta tara samarin ta nuna musu takardun da ake nema, da yadda ake cike fom, da irin gudun da za su riƙa yi kullum. Dattijo mai jakuna kuwa ranar farko ko gaisuwarta bai amsa ba. Kwana uku muka yi a gonarsa. A rana ta uku ya zo da ƙwaryar fura da hannunsa ya ajiye mata, hawaye na bin gemunsa, ya ce ya zalunce ta, ya kai ƙarar marar laifi. Ta ce sam, daidai ya yi, da ita ce a matsayinsa haka za ta yi, kuma da kowa zai riƙa kai ƙara irin tasa da masu cin mutane da sunan soja sun ragu. Taki kuwa ta ce wannan nawa ne ni kaɗai, kuma da bazara ta zagayo da baro na riƙa tura shi har na mayar masa.

Aikinta ya tsira, alhamdu lillahi. Ɗaya daga cikin samarin ma ya cike fom da kansa a shekarar da ta biyo, aka ɗauke shi, ba da sa bakin kowa ba. Amma ɗan dattijon nan damarsa ta wuce har abada, yanzu leburanci yake yi a Bacirawa, can Kano, in ya zo gida ya gaishe ni da ladabi, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Har gobe tana aiko wa Inna abin da ya sawwaƙa, ni dai na daina kira sai don gaisuwa, kuma na gane cewa albasa da gonaki biyu suna riƙe mutum in ya rage baki ya ƙara aiki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na san akwai irina da yawa. Duk gidan da Allah ya ba ɗa ko 'ya mai aikin ɗamara, ku ji tsoron Allah, ku tambayi me take ci kafin ku tambayi me za ta aiko. Kada ku ɗauki sunanta ku je kuna cin gaisuwa da shi, ko da kaza ce, ko da noman yini guda ne, domin a can ba a tambayar wa ya ci, sunan da ke takarda ake kira. Ku kuma masu neman aiki, duk wanda ya ce ku ba shi suna ku koma gida ku kwanta, ku guje shi ko da ɗan uwanku ne. Ƙanwata ta yafe mini tun kafin in roƙa, amma yafiyarta ba ta mayar da ita cikin kwas ɗin ba. 'Yan uwanta sojoji da suka shiga rana ɗaya da ita, waɗanda ta riƙa tsere wa a filin horo, yanzu suna gaba da ita. In ta haɗu da su a bariki, ita ce ke fara ƙamewa ta gaishe su, kuma ni na jawo mata.