Jan Fenti a Bangon Su Ummi

Assalamu alaikum. Wata goma sha ɗaya ke nan ban rubuta komai a wannan shafi ba. Na ga saƙonninku. Ban amsa ba ne domin ban saba bayyana abin da ya fi ƙarfina ba.

Jinyar jikata Ummi na yi, 'yar shekara takwas, wadda aka sa wa sunana.

Iyayenta suna zaune ne a wata unguwa bayan Jiwa. Wata safiya masu rusau suka shafa ƙatuwar alamar ekis da jan fenti a bangon gidansu, suka tafi. Kusan shekara biyu suka zauna da wannan alama. Duk ranar da aka ji rugugin babbar mota, uwar takan fara fitar da katifa da tukwane, yarinya na riƙe da zaninta. Ranar da katafila ta zo da gaske, Ummi tana tsaye tana kallo.

Na ce wa ɗana ya kawo mini ita Wuse kafin su sami matsuguni. Ya ce, "Hajiya, za ki iya kuwa?" Na ce shekara talatin da uku na riƙe makarantar firamare, yarinya ɗaya ba za ta gagare ni ba.

Da ciwon ciki abin ya fara, kullum da safe. Sai amai. Sai ta riƙa sandarewa, ido a buɗe, ana kiranta ba ta ji, ƙirjinta na bugawa har ana gani ta cikin riga.

An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot, an ɗauki hoton ciki, an manna mata wayoyi a ka don a duba farfaɗiya. Fanshona ya tafi a kan takardun da duk suka ce lafiyarta lau.

Sai shugabar makarantarsu ta kira ni. Na zauna a irin kujerar da nake zaunar da iyayen wasu. Ta ce Ummi tana yayyaga littafinta, tana shigewa ƙarƙashin tebur, ta ciji wata yarinya. Idan abin ya ci gaba, ba za su iya riƙe ta ba.

Na ɗauka sangarta ce. Na ƙara mata darasi a gida bayan la'asar, ina duba aikinta da jan biro kamar yadda na yi duk rayuwata. Abin ya ƙara lalacewa.

Ɗana ne ya matsa muka je wurin likitar ƙwaƙwalwa ta yara. Na je ina jin nauyin kada wani ya gan ni. Likitar ta ba Ummi takarda da fensiran kala. Ummi ta zare jan, ta tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Likitar ta tambaye ta, "Ummi, me jan ya yi miki?"

"Shi ake sa wa abin da za a rushe." Ta saci kallona. "Hajiya ma tana sa mini."



Likitar ta ce, "Mama, jikinta ya yi shekara biyu yana gadi, har yau ba a sallame shi ba. Idan ya tsorata, faɗa ba ya kaiwa gare ta. Sai ta ari natsuwar babba tukuna."

Ni aka ba aiki. In sassauta murya. In sanar da ita abin da zai faru kafin ya faru. Idan ta sandare, in zauna a ƙasa kusa da ita, in yi numfashi a hankali har nata ya bi nawa. Ranar farko da ta dawo hayyacinta ta gan ni a kan siminti, ta ce, "To, tsohuwa, yanzu wa zai ɗaga ki?" Maƙwabciya na kira ta ɗaga ni, abin da ban taɓa yi ba.

Yanzu makaranta ta yarda ta riƙe ta, tana zama har ƙarfe sha biyu. Aman ya tsaya. Ba zan ce ta warke ba. Makon jiya motar kwashe shara ta tsaya a ƙofarmu, Ummi ta yi kusan awa tana karkarwa, ni kuwa ba ni da abin yi sai zama.

Na gode wa Allah, na gode wa likitarta, da malamarta da ta sauya biro ba tare da gardama ba, da maƙwabciyata.

Iyaye, idan gwaji ya ce lafiya amma yaro bai daina ciwo ba, ku tambayi abin da idonsa ya gani. Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da wuri. Ni girman kai ya ci mini wata biyar.

Da yawanku a nan ɗalibaina ne. Wanda na taɓa sa shi durƙuso a rana alhali tsoro ne ke damunsa, ban sani ba a lokacin. Ya yafe mini, ya sa Ummi a addu'a.